Allon da Ba a Wankewa

Daga Ofishin Shugabar Ma'aikatan Jinya,
Babban Asibiti, hawa na biyu.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗalibarmu ta ajin ƙarshe, wadda ta kulle kanta a ɗaki.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida mahaifiyarki, ina yi wa mahaifinki ya jiki. Allah ya sa kaffara ne.

Ni ce Shugaba. Kin san ni sarai, ko da yake ke da ƙawayenki in kun hango ni a baranda sai ku faɗa ɗakin magani, kowa ta ɗauki kwalba tana karantawa a juye. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki. Mutanen da na yi wa allura sun fi gashin kanki yawa.

Labari ya iso ni cewa an kafe sakamako a makarantarku. Kin ci komai sai lissafin magani. Hamsin ake nema, kika samu arba'in da takwas, kuma wannan ne karo na biyu. An ce yau kwana biyar ba kya fitowa sai in za ki juya mahaifinki. Abincin da ake ajiye miki a bakin ƙofa kuwa ƙaninki ke taimaka miki da shi, har wandonsa ya fara matse shi. Ki ji tausayin wandon nan.

'Yata, saurara. Tun da nake, ban taɓa ganin majinyaci ya buɗe ido ya ce, "Nas, nawa kika ci a jarrabawa?" ba. Abin da suke cewa shi ne, "Wayyo, a hankali!" Ke kuwa na ga hannunki lokacin da kike koyon aiki a ɗakin tsofaffi. Maki biyu! Maki biyu ko kaza aka watsa wa ba za ta ɗaga kai ba.

Saboda haka ga umarnina. Ki fito. Ki yi wanka, don an ce abin ya fara isa tsakar gida. Ki ci abinci. Sannan ki mayar wa ƙaninki fankarsa da kika ɗauke. Yaron nan da ke guga a ɗakin wankinmu, duk asibitin nan babu mai hankalinsa, ga kyau, ga ladabi. Bai kamata a bar irinsa yana kwana cikin zufa ba.

In kina da amsa, ki ba shi ya kawo. Kada ki zo da kanki, aiki ya yi mini yawa.

Wassalam.
Shugaba.

*

Ranar Alhamis.

Zuwa ga Shugaba, ranki ya daɗe.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata kina lafiya, ya aiki, ya jama'a. Inna ta amsa gaisuwa, Baba ma na gaya masa ya lumshe ido, haka yake amsawa yanzu.

Da Auta ya turo ambulan ta ƙarƙashin ƙofa, na ɗauka wata shiriritarsa ce. Sai na ga tambarin asibiti a jiki. Na karanta sau huɗu a tsaye. Na yi mamakin ganin ta da Hausa, ya ce kin ce haka kike yi wa 'ya'yanki magana. Ban san kin taɓa lura da ni ba. Wallahi ban san akwai wanda ya lura ba.

Ki yi haƙuri da surutunsa. Ban san har sirrin gidanmu yake kai miki ba. Fankar ma ba tasa ba ce, ta Baba ce.

Ranki ya daɗe, kin ce maki biyu ba komai ba ne. Ki ba ni dama in faɗi abin da ya hana ni fita. Kin san dokar makarantarmu: sau uku ake zama, in an faɗi na uku sai a soke suna. Zamana na ƙarshe saura mako uku. Shekara uku ina sa farin kaya, in na sake faɗuwa ko takardar shaida ba za a ba ni ba.

Ba faɗuwar ce ta fi ci mini rai ba. Tambaya ta ƙarshe ce. Yaro mai kilo goma sha biyu, zazzaɓi, ga ƙarfin maganin, nawa za a ja a sirinji? Na san hanyar. Na yi ta daidai har ƙasa, sai na ajiye ɗigo a inda ba wurinsa ba, abin da zan ba shi ya ninka sau goma. Malamar lissafi ta mayar mini da takardata. Ba ta rubuta "kuskure" ba. Da jan biro ta rubuta: "Kin kashe shi."

Yaron nan babu shi a duniya, a takarda kawai yake. Amma ina ganinsa. Har riga na san irin wadda ke jikinsa.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan da ɓarin jikin Baba ya shanye. Duk awa biyu ina juya shi, in ina makaranta Inna ta yi yadda na koya mata. Har yau ko ƙurji ɗaya kwanciya ba ta fitar masa ba. Likitan da ya zo duba shi ya ɗaga rigarsa ya duba baya, ya ce wa ke kula da shi? Amma wannan ba ya cikin jarrabawa. Akwai wadda muke aji ɗaya, in ta ga jini sai an riƙe ta, ta ci casa'in da ɗaya. Ban ce ba ta cancanta ba. Ita ba ta kashe kowa a takarda ba.

Inna ta riga ta gaya wa duk layinmu 'yarta nas ce. Har masu kawo mini yara in duba akwai. Jiya na ji ta a bakin ƙofa tana cewa wata, "Ba ta jin daɗi ne, karatu ya yi mata yawa."

Na fito, na ci abinci, tunda kin ce. Na gode da kika tuna da ni. Allah ya ƙara girma.

Ɗalibarki.

*

Daga Ofishin Shugaba.
Ranar Asabar.

Zuwa ga 'yata.

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. An ce kin ci kwano biyu, ƙaninki ya dawo aiki fuska a murtuke. Madalla.

Wasiƙarki ta ɓata mini rai, ba da ke ba, da malamar nan. Wane irin "kin kashe shi"? Ta nuna mini kabarinsa! Yaron da ko suna ba a raɗa masa ba. Ki gaya mata na duba shi da kaina, ya warke, yana can yana wasan ƙwallo, har ya fasa wa maƙwabta taga.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ni da kike gani, sau bakwai na faɗi wannan lissafin. Sau bakwai. Na takwas malamin ya gaji da ganin fuskata. Yau ga ni a hawa na biyu, kujerata har juyawa take yi.

Ciwonki ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne, tsoro ne. Kin zura wa littafin nan ido har lambobin sun fara yi miki gwalo. Ki rufe shi. Ki sa shi ƙarƙashin katifa, ki zauna a kai. Ki fita tsakar gida ki sha iska, ki yi hira da mahaifinki, ki ja kunnen ƙaninki, amma a hankali.

In kuma abin ya zo da ƙaddara kika sake faɗuwa, to ba ga ni ba? Me ake da Shugaba? Kalma ɗaya zan faɗa, a sake buɗe miki ƙofa. Ki sa wannan a ranki ki yi barci.

Zancen fanka kuma, na yi bincike. Ta mahaifinku ce, gaskiya ne, amma shi ya gyara ta.

Wassalam.
Shugaba.

*

Ranar Laraba.

Zuwa ga Shugaba, ranki ya daɗe.

Ina gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya.

Na yi dariya. Rabon da in yi tun kafin sakamako. Na karanta wa Baba zancen yaron da ya fasa taga, gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Inna ta ce, "Wannan mata Allah ya yi mata albarka, kamar a gidan nan ta tashi."

Ashe a zamaninku babu dokar sau uku. Kun more.

Na bi maganarki. Littafin yana ƙarƙashin katifa. Ina barci yanzu, yaron ya daina zuwa.

Akwai abin da nake so ki sani, don kada ki ji a wani wuri. Mu shida ne muka faɗi. Malamar lissafi ta ce mu riƙa zuwa kullum bayan la'asar tana yi mana bita, kyauta, har ranar jarrabawa. Na je sau biyu. Lokacin ya ci karo da wankan Baba, Inna ba ta iya ɗaga shi ita kaɗai, bayanta ya fara ciwo. Na ce wa Auta ya riƙa dawowa da wuri, ya ce, "Yaya Likita, in na bar zannuwan gado ba guga, marasa lafiya za su yi zanga-zanga." Na san wurin ƙwallo yake tsayawa. Da can da na yi masa rashin mutunci. Yanzu na ce a bar shi, yaro ne.

Gaskiya kuma in na shiga ajin nan na ga jan bironta, lambobin rikice mini suke yi. Sai na tuna kin ce tsoro ne ciwona. Na daina zuwa. Ranar jarrabawa zan shiga da kwanciyar hankali, abin da na sani na sani. In an samu, alhamdu lillahi. In ba a samu ba, ina da ke.

Ban taɓa samun wanda ya tsaya mini ba, ranki ya daɗe. Kullum ni ke tsaya wa mutane. Ashe haka abin yake da daɗi.

Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a.

Ɗalibarki.

*

Daga Shugaba.
Ranar Lahadi.

'Yata, salamu alaikum.

Wasiƙarki ta kwana goma sha ɗaya ba a buɗe ba. Laifin ɗan aike ne, ya bar ta a aljihun rigar aiki. Zan hukunta shi.

Ki ciro littafin nan yanzu. Yanzu-yanzu, kafin ki gama karanta wannan. Gobe ki koma wurin malamar. Saura kwana uku, ki je duka ukun. Ƙaninki zai dawo da azahar ya yi wa mahaifinku wanka, ya rantse mini.

Abin da na ce na kalma ɗaya, kada ki jingina da shi sosai. Manya ma wani lokaci bakinsu yana riga su.

Don Allah ki je. Don Allah.

Shugaba.

*

Ranar Alhamis, mako biyu bayan jarrabawa.

Zuwa ga Shugaba, ranki ya daɗe.

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce.

Arba'in da tara.

Na je kwana ukun kamar yadda kika ce. Auta ya cika alkawari, har yau shi ke yi wa Baba wanka, ban san me kika yi masa ba. Ya daina tsokana, ya daina cin abincin kowa, nasa ma sai an matsa.

Amma kwana uku ba su isa ba. A cikin mu shida, huɗu sun wuce, su ne waɗanda ba su taɓa fashin bita ba. Tambayar ƙarin ruwa ce ta kayar da ni, ɗigo nawa a minti ɗaya. An ce malamar ta yi mako guda cur a kanta, a makon da nake tsakar gida ina shan iska. Ban ɗora wa kowa ba. Ni na rufe littafin da hannuna.

A allon sanarwa an ja layi a kan sunana. Da rula aka ja shi, a miƙe, kamar wanda ya ja ya ɗauki lokacinsa. Magatakarda ya ce in dawo da katin shaida da littattafan laburare kafin ƙarshen wata. Na tsaya a bakin ƙofar makaranta ban san ta wace hanya ake komawa gida ba, hanyar da na bi shekara uku.

Malamar ta same ni a wurin. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Na jira ki kullum. Ke ce na fi so ki wuce." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranki ya daɗe, ban taɓa roƙon kowa komai ba. Yau ina roƙo. Kin ce kalma ɗaya. Na ga kin ce kada in jingina sosai, na san kawaici ne irin na manya. Ba maki nake so a ƙara mini ba. Ko an ba ni ba zan karɓa ba, don wata rana yaro na gaske za a miƙo mini, mai uwa a tsaye a kaina. Malamar tana da gaskiya, tun ranar jan biro take da gaskiya. Zama ɗaya kawai nake roƙo. In bita ce zan kwana a ƙofar ajinta.

Na gaya wa Inna alkawarinki, shi ya sa ba ta yi kuka ba. Na gaya wa Baba, ya matse mini yatsu da hannunsa mai lafiya, ya daɗe bai saki ba.

Na san kin ce kada in zo. Wannan karon ki yafe mini. Ranar Litinin da ƙarfe tara za mu zo ofishinki ni da Inna, ta ce sai ta gode miki baki da baki. Na ba Auta fararen kayana ya goge.

Ba ni da kowa sai Allah sai ke.

Ɗalibarki, in har yanzu ana kirana haka.

*

Ranar Lahadi.

Yaya,

Salamu alaikum. Wannan ba a buga ta da inji ba, kin ga rubutun, kin san mai shi. A bayan takardar lissafin zannuwa na rubuta, ambulan ɗin asibitin sun ƙare. Guda uku na tsinta a kwandon shara na hawa na biyu. Mai shagon buga takardu na bakin titi ya buga mini.

Kada ku je gobe. Shugaba ba ta san ki ba. Ba ta taɓa rubuta miki ko harafi ba.

Wallahi wasiƙar farko wasa ce. Na ɗauka kina kaiwa zancen fanka za ki fito da tsintsiya ki bi ni, in ce to ai kin fito. Sai kika ba ni amsa a ninke, kika ce in riƙe da kyau kada ta yi datti. Na karanta a bayan injin wanki. Na so in faɗa miki a ranar, sai na ga kin ci abinci.

Ni ban yi makarantarku ba, Yaya. A tamu in ka ɓata rubutu, Malam ya ɗan ja maka kunne, ka je ka wanke allo, ka jingina shi a rana ya bushe, ka sake. Akwai surar da na wanke sau goma sha ɗaya, ba wanda ya ja layi a kan sunana. Da kika ce sau uku, na ɗauka irin barazanar malamai ce. Ban san akwai allon da ba a wankewa ba. Da wannan kan nawa na ce ki rufe littafi. Wasiƙarki kuma ni na bar ta a aljihu, don na ɗauka aikina ya gama kyau.

Shekaranjiya na hau hawa na biyu. Na tsaya a ƙofarta tun safe har aka yi azahar. Da ta fito na durƙusa na faɗa mata komai, na nuna mata wasiƙunki. Ta karanta a tsaye, ta cire tabarau ta goge. Ta ce dokar ba tata ba ce, ko 'yar cikinta ce ba ta da kalmar da za ta faɗa. Na ce a kore ni a mayar da ke. Ta ce ba haka ake yi ba. Ta tambaye ni, "Da gaske shekara biyu ba ƙurji ko ɗaya?" Na ce da gaske. Ta miƙo mini takardun, ta wuce. Kujerarta ma ba ta juyawa, na leƙa.

Inna ni zan gaya mata, da Baba, yau bayan wanka. Kada ki ɗauki wannan nauyin ma.

Na goge kayan. Sau uku na bi wuyan rigar. Suna rataye a bayan ƙofarki, ban san inda zan kai su ba.

Ban ce ki yafe ba. Ina zaune a bakin ƙofa, inda ake ajiye kwano. Tsintsiyar tana nan kusa, na ajiye miki.

Ni ne na ce ni ce Shugaba.
Ƙaninki, Auta mai guga.